Shin ƙugin janareta ma kiɗa ne?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma sai na ba ku labari tukuna, a yi haƙuri da tsawonsa.

Daren Asabar wani abokina ya ja ni wani gida a Nasarawa, wai za a yi kiɗa. Ni da na ji kiɗa na ɗauka masu fiyano ne irin na biki. Muka tarar an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mutanen ba su fi arba'in ba, an kafa lasifika huɗu kusurwa-kusurwa, mu muna tsakiya. A gaba tebur ɗaya ne irin na mai shayi. A kansa akwai mikisa da kwamfuta, wayoyi sun harɗe kamar taliyar da ta kwana, sai farantin silba da cokali biyu. Wani siririn matashi ya zauna bayan teburin, a gefensa wani dattijo riƙe da kukuma.

Ba kirari, ba 'yan amshi, ba sanƙira. Sai muka fara jin tim, tim, tim daga lasifikar da ke bayanmu. Na fi minti biyu kafin na gane bugun shadda ne, irin na masu bugu a Ƙofar Mata. Bugun ya riƙa zagaya mu, daga baya ya koma dama, daga dama ya dawo gaba. Yaron ya murɗa wani abu, sai ya yi nauyi kamar ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Ya ɗauki cokali ya goga a bakin farantin nan, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi, kamar jirgin ƙasa na taka birki. Dattijon kuwa ja ɗaya tak ya yi wa kukumarsa, yaron ya cafke wannan jan ya riƙa maimaita shi yana ɗora wani kan wani, har ya zama kamar kukuma ashirin suna kuka tare.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Na ce shi ke nan, wasa ya tashi. Aka tayar da ɗan ƙaramin janareta a zaure, yana ta ɓaɓatu. Maimakon yaron ya ji haushi, sai ya miƙa wa ƙaninsa makirfo ya ce ya kai bakin janaretan. Ƙugin ya shigo lasifika. Dattijon ya karkata kai ya saurara, ya ɗan matsa izgar kukumarsa har muryarta ta hau kan ƙugin, suka ci gaba da abinsu kusan minti ashirin.

Da suka tsaya sai wuri ya yi tsit, ba wanda ya san ko tafi ake yi ko addu'a. Na koma gida abin yana ta yawo a kunnena. To don Allah, wannan kiɗa ne, ko wayo aka yi mana muka zauna sauraron janareta?

Uban Tafiya: Hhhh, Ɗan Fagge an yi maka sakiyar da ba ruwa. Ka zo shagonmu a Kwari, kullum kyauta muke sauraron wannan waƙar, har da hayaƙi za mu haɗa maka.

Uwar Biyu: Nawa ka biya dai? Daga nan za mu san hukuncin.

Ɗan Fagge: Ko sisi, Hajiya. Har zoɓo aka raba.

Jikan Makaɗa: Wa alaikumus salam. Ni ba zan yi maka dariya ba ɗan'uwa, don tambayarka babba ce. A gidan kalangu na tashi. Kakana mahauta yake yi wa kiɗa, kawuna har gobe yana yi. Abin da na taso na gani shi ne, a wurinmu kowane kiɗa da mai shi. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera ce, tambari da kakaki na sarki ne, ba a busa wa talaka kakaki ko da ya fi kowa kuɗi a Kano. Ɗan dambe yana da takensa, in aka kaɗa shi ko yana bayan gari zai taso yana tsuma. Kuma kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiyoyin a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauka, daidai yadda harshenmu yake hawa da sauka, shi ya sa wanda ya san take yake jin sunansa a ciki.

To shi wannan yaron, kiɗan wa yake yi? Wa ya kira? Wa ya taso? In babu wanda aka kira, kuma ba a ce komai ba, ni a wurina ƙara ce. Tana iya yin daɗi, ban musa ba, ruwan sama a kan kwano ma yana da daɗi. Amma ba a ce wa ruwan sama makaɗi.

'Yar Gwale: Jikan Makaɗa ka yi magana. Amma sarewar makiyayi fa? Shi kaɗai a daji, wa yake kira?

Jikan Makaɗa: Shanunsa, Malama. Kuma suna amsawa.

Na Kolon: Barkanku da hira. Ɗan Fagge ba wayo aka yi maka ba, abin da ka gani yana da tarihi, kuma ya girmi iyayenmu. A nan Jamus inda nake karatu ana yin irinsa kusan kowane mako, a tsofaffin masana'antu da ƙananan ɗakuna. Mu ce masa kiɗan gwaji, tunda shi ke nan ma'anar sunan da suke kiran sa da shi.

Tun 1913 wani Ba'italiye mai suna Luigi Russolo ya rubuta cewa ƙarar injina da tituna ta cancanci shiga kiɗa. Ya ƙera wasu akwatuna masu hannun juyawa da ke gurnani da tsuwa, da ya kai su gaban jama'a a birnin Milan a 1914 sai da aka ba hammata iska a zauren. Uban Tafiya, ka ga kana da magabata.

A 1948 Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon Faransa, ya je tasha ya ɗauko sautin jiragen ƙasa, ya yanka ya jera ya maimaita a kan faifai, aka watsa a rediyo. A 1950 shi da Pierre Henry suka kai irin wannan aiki zauren kiɗa a Faris, mutane suka zauna suna kallon lasifika. A 1951 John Cage a Amurka ya tsara wani wasa na akwatunan rediyo 12 da mutum 24, biyu a kan kowane akwati, ɗaya yana murɗa tasha ɗaya yana murɗa ƙara. Duk abin da tashoshin suka watsa a daren, shi ne kiɗan. Shi ne kuma a 1952 ya sa mai fiyano ya zauna minti 4 da daƙiƙa 33 bai taɓa komai ba, don mutane su ji iska da tari da motsin kujerunsu.

Uban Tafiya: Wannan na ƙarshen ni ma na iya. A ba ni kwangila.

Gwanin Zaure: Duk sunayen da ka lissafo Turawa ne. Mutanen da suka ƙoshi ne suka rasa abin yi. Mu da muke fama da kuɗin fetur ina ruwanmu da sauraron shiru? Kwaikwayo ne kawai, yaranmu sun gani a YouTube.

Na Kolon: Yallaɓai da gangan na ajiye ɗaya a aljihu don na san za a faɗi haka. Shekara huɗu kafin Schaeffer, a 1944, wani ɗalibin aikin gona a Alƙahira mai suna Halim El-Dabh ya aro na'urar ɗaukar murya daga gidan rediyo, irin ta da mai naɗa sauti a jikin siririyar waya. Ya je ya ɗauki wasan zar, wanda in ka gan shi za ka ce ɗan'uwan borinmu ne, mata da kiɗa da waƙar kiran iskoki. Ya koma situdiyo ya riƙa tace muryoyin, ya ƙara musu amsa-kuwwa, yana rage wani sashe yana fito da wani, har kalmomin suka narke ya rage amon kawai. Yana cikin ayyukan farko-farko irin wannan a duniya baki ɗaya, kuma a Masar aka yi shi. Ya rasu a 2017.

In Masar ta yi nisa, ga Nijar nan. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan lantarki a Yamai a 1978, shekara da shekaru ana sa shi a rediyo da talabijin na ƙasar tsakanin shiri da shiri. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, Turawa suka fara gayyatarsa. Ga William Onyeabor a Inugu, ga Francis Bebey na Kamaru, su ma masu kiɗa da na'urorin lantarki. A Kinshasa 'yan ƙungiyar kiɗa ta Konono sun cire maganaɗisu daga tsofaffin motoci suka haɗa wa ɗan kayan kiɗansu na ƙarfe don a ji su cikin hayaniyar gari. Sautin ya fito a dagule yana zuza, sai suka ƙi gyarawa, dagulewar ta zama ita ce alamarsu. Waɗannan ba ƙoshi ya sa su ba.

Gwanin Zaure: To ai ka ƙara ɓata lamarin. Da bori za ka kare shi?

'Yar Gwale: Ba kare bori ya yi ba, Malam. Ka ce na Turawa ne, ya nuna maka ba nasu ba ne su kaɗai. Mu tsaya a kan maganar.

Shugaban Zaure: A kiyaye. Kiɗa ake tattaunawa, ba aƙida ba. Wanda ya kauce zan goge.

Baba Mai Rediyo: Salamu alaikum yarana. Jikata ce take rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Shekarata arba'in da wani abu ina gyaran rediyo da amfilifaya a Sabon Gari, kuma abin da ya ba ni dariya shi ne, duk abin da yaron nan ya tara a teburinsa, shi ne abin da aka biya ni in kashe tsawon rayuwata.

Kukan nan da lasifika take yi a wurin ɗaurin aure, wanda kowa yake toshe kunne, ba aljani ba ne. Makirfo ne yake jin abin da lasifika ta faɗa, ya mayar mata, ta ƙara faɗa da ƙarfi, ya sake ji, haka har ya zama tsuwa. In ka matsa taku ɗaya muryar kukan ta sauya, in ka sa tafin hannu a tsakani ta sauya. Wanda ya san wannan zai iya juya shi yadda ya so. Har ma ba sai da makirfo ba, in ka ɗauki wayar da ke fita daga mikisa ka mayar da ita mashiga, mikisar da kanta za ta yi ta kuka, kana murɗawa tana sauya murya.

Farantin silba kuwa, na tabbata ɗan faifan tagullar nan ya manna masa, wanda ke cikin agogon ƙararrawa da kayan wasan yara, mai yin ɗit-ɗit. In ka juya aikinsa, ka liƙa masa waya biyu da dalma, sai ya zama kunne. Ba ya jin iska, jijjigar abin da aka manna shi a kai yake ji. Ka sa shi a ƙofar ƙarfe ka ji abin da ƙofa take faɗa.

Amma ni inda yaron ya burge ni janaretan ne. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ne ƙugin nan mai kauri da kuke ji in waya ba ta da kyau. Ƙaramin janareta yana juyawa wajen sau 3000 a minti don ya ba da hakan, sai dai ba ya tsayawa daram. Firji ya tashi, muryarsa ta faɗi, a kashe fanka ta ɗan hau. Wato duk wanda ya kunna wani abu a gidan nan ya taɓa kiɗan bai sani ba. Ɗan Fagge, ka lura mai kukumar yana bin sa in ya sauka?

Ɗan Fagge: Wallahi Baba haka aka yi! Akwai inda ƙugin ya nutse, na ga dattijon ya yi murmushi ya bi shi ƙasa. Ashe firji ne.

Baba Mai Rediyo: To wannan dattijo shi ne gwanin wurin. Bin abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya sai mai kunne.

Sauti Zoo Road: Allah ya ƙara girma Baba. Ni bari in faɗi nawa a matsayin wanda yake cin abinci da situdiyo. Masu cewa lantarki baƙo ne a Kano, ina kuke tun shekarun 1990? Fiyanon Yamaha ai shi ya riƙe waƙoƙin fim ɗinmu gaba ɗaya. Kalangun da kuke ji a yawancin waƙoƙin biki yanzu ba fata ba ce, maɓalli ne. Muryar da kuke ji tana lanƙwasa kamar roba, na'ura ce ta lanƙwasa ta. Kunnen Bakano ya daɗe da sabawa da lantarki, abin da bai saba da shi ba shi ne lantarkin da ba ya rakiyar waƙa.

Kuma in faɗa muku gaskiya mai ɗaci, abin da muke kira wasa a gaban jama'a yawancinsa ba wasa ba ne. Mawaƙi ya zo da filashi, a sa waƙarsa, ya riƙe makirfo yana motsa baki, ana yi masa liƙi. Na sha zama a bayan mikisa na rage makirfon mawaƙi har ƙasa, shi da kansa ya roƙe ni. In aka ɗauke wuta a irin wannan wurin, sai dai a tsaya cirko-cirko. Shi wannan yaron an ɗauke masa wuta ya mayar da ita kayan aiki. Ko ba na son sautin, na san wanda yake aiki da hannunsa a lokacin.

Uwar Biyu: Au, dama haka kuke mana? Kuɗin da na liƙa a bikin ƙanwata Allah ya isa.

Sauti Zoo Road: A yafe mana Hajiya, ai kin taka rawa.

Jikan Makaɗa: Sauti, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, amma ba ka sosa ba. Fiyanon nan naku shi ya raba gidaje irin namu da abinci. Da, biki ɗaya makaɗa biyar ne da 'yan amshi, yanzu yaro ɗaya da filashi. To yanzu kuma an zo an ɗauki dattijo da kukumarsa, ya ja sau ɗaya, na'ura ta mayar da shi ashirin. Gobe ma ba sai an kira shi ba, ai an riga an kama jan nasa.

Sannan batun hannu da kake yi. In kawuna yana kiɗa, kana ganin gula tana sauka, kana ganin hammata tana matsewa, ka san wane motsi ya haifi wane sauti. In ya yi kuskure kowa ya gani. Shi mai kwamfuta fa? Ya sunkuyar da kai, haske a fuskarsa. Wa ya sani ko kiɗa yake ko hira yake da budurwarsa?

Na Kolon: Wannan ƙorafin naka su ma can sun yi shi tun farko, shi ya sa wasu suka koma sa hannu a fili. A nan Kolon, Karlheinz Stockhausen ya yi wani aiki a 1964 da wani ƙaton faifan ƙarfe da mutum shida. Biyu suna gogarsa da bugunsa da tarkace iri-iri, biyu suna yawo da makirfo a jikinsa kamar likita yana auna ƙirji, biyu suna zaune cikin jama'a suna tace abin da ke fitowa. Kowa yana ganin wanda ya yi me. Har yau in ka je irin wasan nan za ka ga masu kwamfuta zalla, za ka ga masu baza tarkace a tebur don a ga hannunsu. Ni kaina na fi son na biyun.

'Yar Gwale: Ni abin da labarin Ɗan Fagge ya tuna min shi ne lugude. A gidanmu na cikin gari turmi ɗaya ne, mata uku, kowace da taɓaryarta. Ba mai waƙa, ba wanda ake yi wa kirari, gero kawai ake dakawa. Amma in suka shiga lugude, wannan ta jefa taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, waccan ta ɗan jinkirta ta faɗo a tsakanin bugun 'yan'uwanta, har turmin yana amsawa da murya biyu, ta ciki da ta gefe. Mu yara mukan bar wasa mu zo mu tsaya. Jikan Makaɗa, wannan kiɗan wa ne? Ga 'yan tashe ma, gwangwani da galan da murfin tukunya suke bi gida-gida da su in azumi ya kai goma, ba wanda ya taɓa ce musu ba kiɗa suke ba. Kuma ka tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ka rufe ido. Kakaki ta nan, algaita ta can, tambura, kuge, bindigar 'yan bindiga, haniniyar dawaki, kowace tawaga da nata kiɗan kuma duk a lokaci guda. Ba wanda ya daidaita su, amma duk Bakano ya san wannan amon, in ya ji shi a waya yana Legas sai ƙwalla ta zo masa.

Ɗalibin BUK: Anti ai wannan luguden shi Steve Reich, wani Ba'amurke mai tsara kiɗa, ya sata ya kai Amurka. Ya zo Gana ya koya, ya koma ya yi suna.

Na Kolon: Ƙanena a gyara kaɗan. Ya je Gana a 1970 ya yi 'yan makonni yana koyon kiɗan ƙabilar Ewe, zazzaɓin cizon sauro ya katse masa zaman. Amma dabarar sa abu biyu iri ɗaya su riƙa zamewa juna, tun 1965 ya same ta da rikoda biyu da gudunsu bai zo ɗaya ba. Ganar ta ƙarfafa masa gwiwa ne. In za mu yi ƙorafi mu yi shi da hujja.

Jikan Makaɗa: Malama kin kama ni a lugude, na yarda. Amma lura, matan nan aikinsu suke yi, kiɗan nasu ne, geron nasu ne. Masu bugun Ƙofar Mata fa? Suna can suna fasa ƙirji da guduma tun safe, wani ya zo da waya ya kwashi sautinsu ya kai Nasarawa ana shan zoɓo. An tambaye su? An ba su ko na goro?

Ma'aikaciyar Jinya: Kafin a amsa masa, ni roƙo gare ni. Masu irin wannan wasa su ji tausayin kunnen mutane. Ƙa'idar ma'aikata ita ce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 lokacin yana raguwa da rabi, in an kai 100 bai fi minti 15 ba. Tsuwar nan da mutum yake ji in ya kwanta bayan biki ba alamar an more ba ce, kunne ne yake kuka. Masu biki ma da ku nake, kuna ajiye jarirai a gindin lasifika.

Ɗan Fagge: Anti na Asabar ɗin bai kai ƙarar biki ba ko kusa. Akwai ma inda sai ka kasa kunne.

Mai Faranti: Assalamu alaikum. Wani ne ya turo min hoton hirar nan ya ce ana shari'ata ba na nan, shi ne na roƙi a shigo da ni. Ni ne yaron bayan teburin. Gyaran waya nake yi a Farm Centre, ban yi karatun kiɗa ba.

Baba Mai Rediyo, duk abin da ka faɗa haka yake, har faifan tagullar, daga wani mataccen agogo na cire shi. Ban san ma sau 50 ba ne, yau na ji.

Yaya Jikan Makaɗa, tambayarka ta farko na kwana biyu ina juya ta kafin ma ka yi ta. Mahaifina mai bugu ne, Allah ya ji ƙansa. Ina ƙarami nakan kai masa abinci in zauna a gefe, su biyu suna fuskantar juna da guduma a kan gungumen, ɗaya ya sauka ɗaya ya tashi. In shadda ta kusa yi, sautin yana sauyawa, ya bar tim ya koma tas, da kunne suke sanin ta yi ƙyalli ba da ido ba. Wannan sauyin nake nema a wasan, shi ya sa na fara da nauyi na ƙare da kaifi. Ban iya waƙa ba, ban iya kirari ba. In ka ce kiɗan wa nake yi, nasa ne.

Ta biyun kuma ka gaskiya. Abokan aikinsa ne, sun san ni, na ce zan ɗauka suka ce ɗauki mana. Amma ban gaya musu inda zan kai ba, kuma ban gayyace su ba. Kunya na ji, na ɗauka za su yi min dariya. Wannan kuskurena ne.

Baba mai kukuma kuwa na biya shi abin da ya yanka, kuma jan da na kama a wurin ya mutu, ina kashe na'ura ya tafi. Ban ajiye ba. Da farko ya ce shi ba zai yi wasa da faranti ba. Da ya ji muryarsa ta dawo masa ta lasifika huɗu sai ya ce in sake, yana so ya amsa wa kansa.

Jikan Makaɗa: Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Da ka faɗi wannan a wurin kafin ka fara, da Ɗan Fagge bai zo yana tambayarmu ba. Ko maroƙi ai sai ya faɗi wanda ake yi wa. Ban janye maganata a kan kwamfuta ba fa, har yanzu ina so in ga hannu.

Mai Faranti: Na karɓa Yaya. A can waje ba sa yin bayani, shi na kwaikwaya, kuma na ga bai zauna ba a nan. Mutane sun rasa inda za su sa kansu.

Gwanin Zaure: Ni dai har yanzu ban ga abin da zai hana a kira shi hayaniya ba. Amma tunda ba rawa ba cakuɗa, ku ƙarata. Sai dai in za ku fito da shi fili ku san akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001, ku bi ta hanya.

Sauti Zoo Road: Wannan gaskiya ne. Mai Faranti, in za a sake ina da lasifika biyu da ba na amfani da su, da inbata. Ko da yake na ga kamar ka fi son a ɗauke wutar.

Uban Tafiya: Ni zan kawo janaretan shagonmu. Nawa ya fi na Nasarawa murya, yana da tari a tsakiya.

Uwar Biyu: A yi shi da la'asar don mu ma mu zo. Kuma a sa kujeru, ba kowa ke iya tabarma ba.

Jikan Makaɗa: Na yi wa kawu maganar yanzu, yana nan kusa da ni yana cin goro. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce zai zo ya ga yaron da yake kiɗa da faranti, amma da sharaɗi uku. Ba za a manna wa fatar kalangunsa komai ba, makirfo daga nesa. Masu bugun nan su zauna a gaba, shi zai kaɗa musu take da kansa kafin a kunna kowace na'ura. Na ukun kuma a tashi kafin magariba.

Mai Faranti: Na yarda da duka. Gobe in Allah ya kai mu zan biya ta Ƙofar Mata kafin in buɗe shago.

Baba Mai Rediyo: In ka taso daga can ka biyo ta wurina, ka zo da faifan tagullar naka. Na san da salatif ka naɗe wayar, shi ya sa yake ƙugi in ka taɓa. Akwai waya mai riga a nan, zan liƙa maka da dalma. Kada ka wuce ƙarfe biyar, ina rufewa da wuri.